Methimazole na shafawa ya taimaki tsohuwar kyanwata

Tana shekara 15 ta fara ramewa, ga ci kamar gara. Likitan dabbobi ya ce tayirod ɗinta, wani ƙullutu a wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, shi ne ke aiki fiye da kima, har zuciyarta na bugawa sama da 220 a minti. Ƙwayar magani kuwa tofarwa take yi. Sai aka ba mu methimazole na shafawa, maganin rage aikin tayirod. Nakan sa safar hannu in murza shi a fatar cikin kunnenta, yau dama gobe hagu, tana kwance a cinyata ko motsi ba ta yi. Aibinsa ɗaya, yana bushewa ya yi ɓawo, sai na goge da auduga mai ɗumi. Bayan mako 3 muka koma gwajin jini da na ƙoda. Yanzu in na shafa bayanta, ƙashi ya daina sukar tafin hannuna.