Mun je kallon motocin da aka binne, gidan waya mai ƙaya ya riƙe mu

Ƙanena ne ya kawo shawarar tafiyar, ni kuma na biya kuɗin hayar mota, don haka kowannenmu yana ganin shi ke da ikon cewa a tsaya ko a wuce. Kwana uku muka ware daga Tulsa a jihar Oklahoma zuwa Amarillo a Teksas, duk a Amurka, tafiyar sama da mil 350 wadda mai sauri zai gama a wuni ɗaya. Mu ba sauri muke yi ba. Mun bi abin da ya rage na tsohuwar hanyar Route 66 ne, don mu ga abubuwan ban mamaki da mutane suka kakkafa a bakinta.

Hanyar an buɗe ta a 1926, daga Shikago har birnin Los Angeles a Kalifoniya, mil 2,448, ta ratsa jihohi 8. Duk mai gidan mai ko masauki a gefenta matsalarsa ɗaya ce: yadda zai sa direban da ke sheƙa gudu ya taka birki. Wani ya gina ƙaton mutum-mutumi, wani ya jera alluna tun daga nesa. Da aka shimfiɗa sababbin manyan hanyoyi bayan dokar 1956, motoci suka riƙa kewaye garuruwan, kasuwa ta mutu, a 1985 aka soke sunan hanyar daga jerin hanyoyin tarayya. Abin da masu yawon buɗe ido ke bi yanzu ragowar wannan neman kasuwa ne, haɗe da aikin wasu mutane da suka yi gini don son ransu kawai.

Ranar farko mun fara da komawa baya kaɗan, arewa maso gabashin Tulsa, kusa da Foyil, inda wani dattijo mai suna Ed Galloway ya shafe daga 1937 zuwa 1948 yana gina doguwar hasumiyar siminti mai ƙafa 90 a filinsa, bayan ya yi ritaya daga koyar da sana'ar hannu a gidan marayu. Hasumiyar tana zaune ne a bayan kunkuru, jikinta duk zanen tsuntsaye da fuskokin mutanen asalin Amurka. A hoto ba ta burge ni ba. Sai da na tsaya a gindinta na ga sawun hannu a simintin, inda ya shafa, inda ya gyara, sannan na fara lissafin bokiti nawa tsoho ɗaya ya hau da shi sama cikin shekara 11. A gefe akwai wani ɗaki mai kusurwa 11 da ya gina don ajiye gogen Turawa da ya sassaƙa da itatuwa iri-iri. Ɓarayi sun kwashe da yawa bayan rasuwarsa, waɗanda suka rage suna nan. Minti 40 sun isa wurin.

Shuɗin kifin garin Catoosa kuwa, wanda kowa ke ɗauka a hoto, ƙaton kifin wel ne na ƙarfe da siminti mai tsawon ƙafa 80, kwance a bakin tafki da baki buɗe, ana shiga ta bakin a taka har cikinsa. Hugh Davis ne ya gina shi a farkon shekarun 1970, kyauta ga matarsa Zelta ta zagayowar ranar aurensu, saboda tana son tara 'yan gumakan irin wannan kifi. Da can yara na iyo a tafkin, a 1988 aka rufe wanka. Labarin ya fi kifin daɗi, kuma minti 15 sun wadatar. Ƙanena ya ce shi dai kada matarsa ta ji wannan labari.

A garin Arcadia mun leƙa rumbun nan mai siffar da'ira da William Odor ya gina a 1898, wanda rufinsa ya rufta a 1988 wasu tsofaffin garin suka haɗu suka tayar da shi. A hau sama a ɗaga kai a kalli yadda aka lanƙwasa katakon rufin, shi ne abin gani a wurin.

Ba duk tsayawa ce ta biya ba, kuma gara in faɗa. Akwai wani wuri da ba zan ambaci sunansa ba, wanda allunansa suka yi ta yi mana alkawari tun daga nesa. Muka biya kuɗin shiga, ashe kallon kitse muka yi wa rogo: ɗaki ɗaya ne mai ƙura, da 'yan tarkace marasa ko takardar bayani, ƙofar fita kuma ta zuba mu cikin kantin tsaraba da ya ninka ɗakin sau uku. Manhajar wayar da muka dogara da ita ma ta yaudare mu sau biyu, ta ce wuri a buɗe yake, muka tarar da kwaɗo. Yawancin ƙananan gidajen tarihin nan 'yan sa-kai ne ke kula da su, wasu sukan rufe gaba ɗaya da hunturu, wasu kuma tun la'asar sun tashi. Wanda zai je ya buga waya ya ji muryar mutum kafin ya karkata hanya.

Da wannan haushin muka shiga McLean a rana ta uku, wani ɗan gari a Teksas da mutanensa ba su kai dubu ba. Wanda ya ba da filin kafa garin, wani Bature ɗan Ingila mai suna Alfred Rowe, ya mutu ne a jirgin Titanic a 1912. Titunan faɗi gare su, an yi su don cunkoson da ya daina zuwa tun 1984 da babbar hanyar I-40 ta kewaye garin. Na ga allo na ce mu tsaya.

“Yaya, gidan tarihin waya fa? Waya mai ƙaya? Don Allah mu wuce, motocin nan da aka binne a Amarillo nake so in gani kafin rana ta faɗi.”

Na ce minti goma kawai, ko don mu miƙe ƙafa. Sai da muka yi kusan sa'a uku.

Sunan wurin Devil's Rope Museum, wato gidan tarihin igiyar Shaiɗan, laƙabin da waɗanda wayar ta cuta suka sa mata. An buɗe shi a 1991 a cikin wata tsohuwar masana'antar ɗinka rigar mama. A bakin ƙofa akwai manyan dunƙule biyu na waya mai tsatsa, an ɗora su kan ginshiƙan dutse. Ba a karɓi kuɗin shiga ba, akwatin gudummawa ne a ajiye. Wata dattijuwa ta nuna mana littafin baƙi da hanyar da za mu fara bi, ta koma kan aikinta, ba ta bi mu da surutu ba.

Da farko ido ba ya ganin komai sai alluna, bango bayan bango, kowanne an jera masa gutsattsarin waya masu tsawon kamu biyu, da 'yar takarda a ƙarƙashi mai sunan wanda ya ƙirƙira da shekarar rajista. Duk iri ɗaya suke daga nesa. Na matsa kusa da ɗaya don in tabbatar wa kaina cewa ɓata lokaci ne, sai na ga ƙayarta ba waya ba ce, ɗan faifan ƙarfe ne mai haƙora kamar tauraro, an saƙala shi yadda zai juya idan saniya ta goga jikinta, ya tsikare ta ba tare da ya yage fata ba. Ta kusa da ita falle ce kamar ɗamara, an yanka gefenta kamar zarto. Wata an rataya mata 'yan alamu don dabba ta hango shingen kafin ta afka masa. Kowace ɗaya amsar wani mutum ce ga tambaya guda: yaya za a tsayar da sa ba tare da an kashe shi ba, kuma ba tare da an taka haƙƙin ƙirƙirar wani an sha ƙara a kotu ba.

Wadda ta cinye kasuwa tana nan, kuma ita ce mafi rashin ado. Joseph Glidden, manomi a DeKalb ta jihar Illinois, ya sami rajistarta a 1874. Waya biyu ce aka murɗe tare, ƙayar tana naɗe a jikin ɗaya, ta biyun tana danne ta don kada ta zame. Shi ke nan dabarar. Na daɗe a gabanta, domin na sha tsallake irinta ban taɓa tambayar me ya sa ake yin ta biyu ba.

Daga nan labarin ya fara nauyi, kuma a nan ne gidan ya nuna ya san aikinsa. Dokar 1862 ta ba duk wanda zai zauna ya noma fili eka 160 a yammacin Amurka. Amma filayen can ba itace, ba dutsen da za a yi shinge, ga garkunan shanu na yawo sakaka, manomi ba shi da yadda zai kare shukarsa. Waya mai ƙaya ta warware masa wannan da araha. Glidden da abokin kasuwancinsa Henry Sanborn har gonar kiwo suka kafa kusa da Amarillo a 1881 suka kewaye ta, don masu shanu su gani da idonsu. To amma shingen da ya kare gonar wani shi ne ya toshe wa wani burtali da mashaya. Manyan masu kuɗi suka riƙa kewaye har filin da ba nasu ba. A fari na 1883 ƙananan makiyaya a Teksas suka fara fita da dare suna datse waya, aka yi ta rikici har da asarar rayuka, sai da majalisar jihar ta yi zama na musamman a 1884 ta mai da yanke shinge babban laifi, ta kuma tilasta a bar ƙofa inda shinge ya tare hanyar jama'a. A hunturun tsakiyar shekarun 1880, shanun da suka saba gudu kudu idan guguwar ƙanƙara ta taso suka tarar da dogayen shinge a gabansu, suka taru a jikin waya suka mutu tuli. Mutanen asalin ƙasar kuwa, da ma an riga an ƙwace musu yawancin filayensu, wayar ta zo ta ƙarasa rufewa.

Akwai sashen kayan aiki: filaya iri-iri, abin ɗame waya, abin haƙa ramin dirka, da ƙarafan da ake gasawa a yi wa shanu lamba. Akwai kuma sashen wayar yaƙi, mai dogayen ƙayoyi kurkusa da juna, wadda ba don dabba aka yi ta ba. A nan ƙanena ya yi shiru. Shi da ya ce mu wuce, na same shi ya sunkuya yana gwada tsawon ƙaya ɗaya da ɗan yatsansa daga nesa.

Ba wuri ne mai ƙyalli ba, kada wani ya je da tsammanin allon taɓawa da hasken zamani. Takardu ne da alluna da akwatunan gilashi, irin aikin masu tara kaya da suka fi damuwa da abin da suka tara. Yaro ƙarami zai gaji da wuri, wanda kuma ba ya son karatu a tsaye zai fita cikin minti 20 yana cewa waya ce kawai. Akwai ɗakin Route 66 da tsofaffin allunan hanya, da hotunan shekarun 1930 lokacin da guguwar ƙura ta kori manoman yankin, amma mun shiga su ne a gajiye. Da na sani da nan muka kwana kusa, muka fara da shi da safe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: cikin duk inda muka tsaya, nan kaɗai na koma na ƙara kuɗi a akwatin gudummawa.

Tankin ruwan garin Groom da ya karkace kamar zai faɗi, daga gefen hanya muka kalle shi. Da gangan Ralph Britten ya kafa shi haka don direbobi su tsaya a tasharsa ta manyan motoci su ba da labarin tanki zai faɗo, su kuma sha mai. Tashar ta ƙone tuntuni, tankin na nan a karkace.

Mun isa Cadillac Ranch, yamma da Amarillo, rana ta yi ja. Motoci 10 ne ƙirar Cadillac, na 1949 zuwa 1963, an binne kawunansu a ƙasa gindinsu na kallon sama. Wata ƙungiyar masu fasaha da ake kira Ant Farm ce ta kafa su a 1974 da kuɗin wani attajiri, Stanley Marsh 3, a 1997 kuma aka tono su aka matsar da su mil 2 yamma saboda gari ya cim musu. Shiga kyauta ce, kuma an yarda kowa ya fesa musu fenti. Fentin ya yi kauri har ya zama kamar ɓawon itace, yana zubowa dunƙule-dunƙule, in ka ɗauki guntu ka ga launi a kan launi. Abin ya cancanci gani, ko da wasu baƙi na watsar da gwangwanayensu a ƙasa. Shawarata ɗaya ce, a duba inda iska ke kaɗawa kafin a danna. Ni ban duba ba, rabin sunan da na so rubutawa a gilashin idona ya ƙare.

Ina goge gilashin da gefen riga na waiga ban ga ƙanena ba. Can na hango shi baya, wajen ƙofar shiga, ya tsuguna a jikin shingen filin, mutane na wuce shi da gwangwanayen fenti a hannu.

“Yaya, zo ka gani,” ya ɗaga murya saboda iska. “Biyu ce a murɗe. Irin ta mutumin nan ce.”