Roba ta ci mana wata takwas, ƙarfe ya ƙarasa aikin

Tun ranar da aka cire wa yarinyata ƙarfen haƙori mata ke tare ni, a gidan biki, a islamiyya, har a layin cirar kuɗi a PZ. Tambayar ɗaya ce: wanne ya fi, robar nan da ba a gani ko kuwa ƙarfen? Na gaji da maimaita labari, shi ya sa na zauna na rubuta. Mu duka biyun mun taɓa, duka biyun kuma mun biya.

'Yar fari ce, don haka ba zan kama suna ba, Ummi ake ce mata a gida. Shekararta 14 lokacin. Fiƙoƙinta biyu na sama sun rasa wurin zama, suka fito can bisa dasashi suka hau kan 'yan'uwansu, na gaba kuma sun ɗan turo har leɓe ba ya haɗuwa sai ta matse. Da wushirya ce ko hanyar asibiti ba zan kalla ba, wannan ai ado ne, wasu ma nema suke yi. Amma yarinyar da a da dariyarta ke cika tsakar gida ta koma ba ta yi sai da gefen hijabi a baki. Abin ya tsaya mini a rai.

A hutun Disambar 2022 muka hau mota a Kwangila muka sauka Kawo. Wata likita aka kwatanta mana a Kaduna, wadda daidaita haƙora shi ne fanninta, domin ba kowane likitan haƙori ne ya karanci wannan ba. Ta sa aka ɗauki hoto iri biyu, ɗaya na'urar na zagaya kai ta fito da duka haƙora da saiwoyinsu, ɗaya kuma daga gefe don a ga zaman muƙamuƙi. Sannan ta yi mana wani bayani da na saurara da kunne ɗaya, wanda daga baya na gane shi ne duk maganar. Ta ce haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da shi. In aka danna shi a hankali ba ƙaƙƙautawa, ƙashin da ke gabansa yana zaizayewa ya ba shi hanya, na bayansa kuma yana sabon gini. Tafiyar hawainiya ce, kamar milimita ɗaya a wata. Da an sassauta kuwa sai ya kama hanyar komawa gida.

Ita shawararta ƙarfe ne, a cire ƙananan turame biyu na bayan fiƙa a samu fili. Ta ce roba tana ƙoƙari wajen cunkoso mara yawa, amma jawo fiƙar da ta maƙale a sama ko murɗa haƙori mai zagaye yana ba ta wuya. Sai ta dube ni ta ce, "Hajiya, yarinyar nan tana da mantuwa?" Na yi dariya na ce duk yaro ai haka yake. Yarinyar da ke ɓatar da hijabi uku a zango ɗaya fa, ni na haife ta, na sani sarai. Amma ga ta a gefena ido ya kawo ruwa tana cewa, "Umma, don Allah kada a sa mini waya, 'yan ajinmu bakin keke za su riƙa ce mini." Ga kuma maganar cire lafiyayyun haƙora da ta tsorata ni. Na zaɓi roba. Likita ta ce za a gwada, a ɗan kankare tsakanin wasu haƙoran a samu sarari, amma komai ya rataya a wuyan Ummi.

In faɗi gaskiya, farkon abin ya burge ni. Wani ɗan sanda mai kyamara aka zagaya a bakinta, nan take haƙoran suka fito a kwamfuta, har aka nuna mana yadda za su koma a ƙarshe. Sunan da kowa ya sani a wannan harka shi ne Invisalign, na kamfanin Align Technology da aka kafa a Kalifoniya a Amurka, wanda ya fito da shi kasuwa a 1999. Namu na wani kamfani ne daban mai ɗan sauƙi, amma shi ma daga waje ake bugo shi, da dala kuma ake lissafi. Kuɗin ya kusa ninka na ƙarfe uku. Bayan mako biyar kwali ya iso da robobi 28 na sama da na ƙasa, kowace da lambarta, kowace za ta yi mako biyu a baki ta matsar da haƙori kamar rubu'in milimita. Aka manna mata wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori don robar ta samu abin kamawa. Sharaɗi ɗaya ne, sa'a 20 zuwa 22 kullum tana baki, ba a cirewa sai ci da sha da goge baki. Ruwa zalla kawai ake sha da ita.

Kuma da gaske ba a gani. Kakarta ta yi kwana huɗu a gidanmu ba ta lura ba. Kwana biyu ko uku harshe na ɗan sarƙewa a kan harafin "s", shi ke nan. Ba ciwon kumatu, ba abincin da aka hana, tana goge baki da buroshi da asuwaki kamar kowa. Lokacin da robar ta fi yi mana aiki shi ne azumin 2023, ƙarshen Maris zuwa Afrilu, wanda mafi yawansa a gida ta yi. Daga sahur zuwa shan ruwa babu dalilin cirewa, sa'o'in suna cika da kansu. Hoton da muka ɗauka ranar hawan sallah, na gaba har sun fara jeruwa.

Sai aka koma makarantar kwana, zango na uku.

Duk uwar da ke tunanin roba ta zauna ta yi wannan lissafin da ni ban yi ba. Sa'a biyu zuwa huɗu ce kacal ta ci da sha a yini. A cikinsu akwai karin kumallo, tara, abincin rana, na dare, ga jiƙa gari da ƙuli a ɗaki, ga biskit da ake miƙa wa juna a aji. Bayan kowanne sai an goge baki kafin a mayar, in ba haka ba an kulle sukari a jikin haƙori ke nan. A ina za a goge? Ruwan ma sai an bi layin famfo da bokiti, ƙararrawa kuma ba ta jiran kowa. Roba ta 9 ta naɗe ta a takarda a ɗakin cin abinci, aka kwashe da shara. Ta 10 wata ƙawarta ta ba ta shawarar ta wanke da ruwan zafi don kashe ƙwayoyin cuta, ta lanƙwashe kamar ledar da ta ji wuta. Wata kuma zoɓo ya rina ta, abin da aka saya don kada a gani ya koma jan baki. Akwai irin da ake yi wa matasa da wani shuɗin ɗigo da ke koɗewa gwargwadon yadda aka sa, iyaye su gane gaskiya. Namu ba shi da shi, ni kuma ina Tudun Wada, sai dai in tambaya a waya a ce mini "ina sawa, Umma".

Da ta dawo hutu na ce ta sa ta 11 a gabana. Ta danna, ta cije, amma a kan fiƙar dama akwai sarari tsakanin roba da haƙori wanda ƙwayar shinkafa za ta shige. Haƙoran sun tsaya a baya, robobi sun yi gaba. A daren ta faɗa mini da kanta cewa tun tsakiyar zango da dare kawai take sawa, don cirewa a gaban mutane da yawu na bin ta ya fi ƙarfen da take gudu ban kunya. Ban yi mata faɗa ba. Wa zan yi wa?

Mafita a wajen roba ita ce a sake ɗaukar hoton baki a bugo sababbi. Amma a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta yi tashin gwauron zabo, kafin nan kuma an janye tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin motar Kaduna ya zama abin da sai an yi shawara. Kilomita 80 ba nisa ba ne sai ranar da za ka biya wa mutum biyu zuwa da dawowa. Da aka faɗa mana abin da za mu ƙara, Baban Ummi bai ce uffan ba, ya dai cire hula ya mayar. Likitar ma, Allah ya saka mata, ba ta ce ai na faɗa miki ba. A watan Agusta aka cire turamen nan biyu, bayan mako biyu aka sa ƙarfe.

Sawar ba allura, ba zafi, sa'a ɗaya da rabi ne baki a buɗe. Kowane haƙori aka manna masa ɗan ƙarfe da wani gam da ake busarwa da shuɗiyar fitila, aka zura waya siririya kamar zaren ɗinki. Na raina ta, sai likita ta ce haɗin nikel da titaniyam ce, duk yadda aka tanƙwara ta sai ta nemi komawa siffarta, a garin komawar take jan haƙoran. Zafin a gida yake jira. Kwana huɗu ko burodi ba ta iya cizo, sai koko, kunun gyaɗa, fate da farasitamol. Cikin kumatu ya yi ƙuraje inda ƙarfe ke guga, ana manna wani kaki da suka ba mu, ana kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Kakarta na shigowa ta tafa hannu ta ce, "Kishiyata, wa ya ɗaura miki linzami? Saura sirdi a kai ki fada hawan daushe." Ummi ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata, ta kama kumatu tana wash.

Inda ƙarfe ya cuce ta shi ne abinci. A ce ɗan Zariya, ga raken Makarfi a kowace kwana, a hana shi rake. Haka goruba, busasshiyar aya, gasasshiyar masara, kilishi, ƙuli-ƙuli sai an daka, alawa da cingam kuwa ko a mafarki. Sau biyu ƙarfe ya ɓalle, na biyun a kan soyayyen naman babbar sallar 2024, kowane ɓallewa kuma tafiyar Kaduna ce da ƙarin lokaci. Goge baki ya zama aiki, da wani ɗan tsinken buroshi mai kama da na wanke kwalba ake bin ƙarƙashin waya. A nan ma makarantar kwana ta bar tabonta. Akwai ɗan farin tabo a haƙori ɗaya na gefe, inda datti ya daɗe a gindin ƙarfe ya ci fuskar haƙorin. Yana nan har yau, in ka matso za ka gani.

Amma abin da na biya kuɗi dominsa ya samu. Tana barci yana aiki, tana aji yana aiki, ko ta tuna ko ta manta. Ba ya faɗawa shara, ba ya narkewa. Duk mako shida muna zuwa a ɗaure ko a canza waya, muna daidaita ranar da hutun rabin zango ko mu karɓo izini. Wata biyar fiƙoƙin suka sauko layi ina kallo. Wuri ɗaya da halinta ya sake taɓa aikin shi ne lokacin da aka ba ta ƙananan robobi masu talewa da za ta riƙa maƙalawa daga sama zuwa ƙasa da hannunta. Nan ma an yi sakaci, likita ta ce ya ja mana kamar wata biyu.

Bakin keken da ake tsoro kuwa mako ɗaya aka yi ana faɗa. Daga baya ita ke zaɓar launin 'yan zobban da ake ɗaure wayar da su, kore da fari a watan Oktoba, har ƙawaye na tambayar inda ake sawa. Ashe abin ya zama gayu. Na ji ma ana sayar da na ƙarya a intanet ana manna wa 'yan mata don kwalliya. Bayan na ga yadda zaren waya ya ja fiƙa daga dasashi, ba zan bar wanda ba likita ba ya ɗaura wa ɗana komai a baki ba.

Ba na zagin roba. 'Yar yayata da ke karatun lauya a Kongo ta yi amfani da ita, ta gama cikin ƙasa da shekara, bakinta tsaf. Amma ita shekararta 21, cunkoson nata kaɗan ne a ƙasa, daga gida take zuwa makaranta, kuma irin mutanen nan ne da ke goge takalmi tun dare. Ita ta nema, da kuɗin ɗinkinta a ciki. Ga yaro ɗan sakandare, musamman na kwana, ko wanda sai an bi shi da tsawa yake goge baki, ni dai ƙarfe zan ce, in kuma likita ta riga ta ce aikin ya fi ƙarfin roba to kada hawaye su canza maganar kamar yadda suka canza tawa.

A Fabrairun 2025 aka cire, wata 18 cif. Na ɗauka mun rabu da roba, sai ga likita ta miƙo wata sabuwa a ɗan akwati, ta dare ce, don haƙori ba ya manta tsohon gidansa. Ta kuma manna siririyar waya ta bayan na gaba inda ba a gani. Wannan karon akwatin a kan durowata yake kwana in tana gida, ni ke miƙa mata bayan isha'i.

Da muka sauka Kwangila ranar, ko adaidaita ba ta bari mun nema ba, ta ja ni wajen mai rake. Na tuna mata an ce saboda wayar baya kada ta ɓare da haƙoran gaba. Ta tsaya a kan mai raken sai da ya fere sanda guda ya yanka ƙanana-ƙanana kamar na jariri, ta cika leda, ta fara tauna tun kafin in karɓi canji.