Ashe Motar Da Na Yi Shekara Shida Ina Lodi Da Ita GTI Ce

Ranar Lahadi kantuna ba sa buɗewa a Jamus, don haka filin ajiye motoci na manyan shaguna yakan zama fayau, kamar filin Idi bayan an watse. A irin wannan fili ne, a bayan garin Braunschweig, na sha wata kunya da har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini.

Wani abokin aikina a sito, Bajamushe, shi ya matsa mini in raka shi. Ya ce masu Golf ne ke haɗuwa, kuma wani yaro ya karɓo sabuwar GTI, wato Golf mai ƙarfin gudu, ta wannan zubin da aka fitar a 2024, shekarar da Golf ta cika hamsin. Ina jin an ce Golf na gyara tsayuwa. Na ce masa ai ka zo gidan. Shekara shida ina jan Golf 3 tsakanin Unguwa Uku da Zariya, sawu biyu, ranar da kasuwa ta yi kyau sawu uku. Wa zai faɗa mini Golf?

Muka tarar da motoci jere, kowa ya ɗage bonet. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne injinan. Babu ƙura, babu ɗigon baƙin mai, wani injin sai ka ce a shimfiɗa leda a ci tuwo a kai. Na ga wani ƙato mai furfura ya durƙusa yana goge cikin wili da buroshin haƙori. Ita kuwa sabuwar tana tsakiya, ja, an yi mata zobe. Na ɗauka yabo za a yi ta yi, irin namu, a shafa mota a ce Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, Allah ya kashe rabon bakanike. Ina! Faɗa ake yi.

Faɗan kuwa a kan giya ne. Tun da aka fara GTI a 1976, mai ƙarfin doki 110, ana samun ta da giyar hannu, ta farkon kan sandar giyarta kamar ƙwallon wasan golf, kujerun da yadi mai gida-gida, ga jan layi a hanci. Wannan sabuwar ta zo da ƙarfin doki 265, wato ta ɗara wadda ta gada da ashirin, tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa shida, amma an cire giyar hannu gaba ɗaya. Sai mai canza kanta, wadda suke kira DSG. Wani dattijo, da hularsa mai tambarin GTI, ya ce motar da ba ta da kuloci ba GTI ba ce, injin wanki ce mai taya huɗu. Yaron mai motar ya ce giyarsa tana canzawa kafin dattijon ya ɗaga ƙafa. Aka kwashe da ihu. Ni dai ina tsaye ina tuna yadda ƙafata ta hagu take yin tsami a cunkoson Na'ibawa, ina cewa a raina, Baba, da ka yi lodi na sati ɗaya da ka yi wa wanda ya cire kulocin nan addu'a.

Sai aka koma kan maɓallai, kuma nan ne na ga abin da ya burge ni. Da aka fito da Golf 8 a ƙarshen 2019, an kwashe kusan duk maɓallan ciki aka zuba su a allon shafawa. Ƙara sautin rediyo shafa ne, rage zafin hita shafa ne, kuma ɗan layin da ake shafawar ba shi da fitila, da dare sai lalube. A masu tsadar har sitiyari aka yi wa haka, kana cin kwana tafin hannunka ya goga, sai ka ji sitiyari ya fara ɗumi. Mutanen nan suka tasa kamfanin a gaba, a jaridun motoci, a intanet, a wuraren sayarwa, har shugaban sashen Volkswagen, Thomas Schäfer, ya fito a 2022 ya ce za a dawo da maɓallan sitiyari na dannawa. Aka kuma dawo da su. Layin nan ma an sa masa fitila. Dattijon ya zura hannu ta taga ya danna maɓalli, ya yi ƙas, ya waiwayo yana murmushi kamar shi ya ci yaƙin shi kaɗai.

Masu Golf R kuwa, wadda ta fi GTI ƙarfi, suna gefe, an mai da su abin tsokana, don tasu har yanzu sitiyarin shafawa gare ta. Su ma ba su bar ta kwana ba. R tana da ƙarfin doki 333, ƙafa huɗu take ja, GTI kuwa ƙafar gaba kawai. Suka ce GTI motar yara ce, masu GTI suka ce R motar wanda bai iya tuƙi ba ce, kwamfuta ke tuƙa shi. Zaman ya koma mini kamar na 'yan ƙwallo a teburin mai shayi. Abu ɗaya ne ya haɗa kansu: kuɗi. GTI ta haura Yuro dubu arba'in, R ta haura dubu hamsin, kuma sunan kamfanin ma'anarsa motar talakawa. Kada wanda ya lissafa mini shi da naira, kaina zai yi ciwo.

To, a nan ne tsautsayi ya ja ni. Abokina ya ce da su, ga wani ya yi shekara shida yana sana'a da Golf 3 a Afirka. Aka juyo gare ni. Na zaro waya da alfahari, na nemo hoton da ƙanena ya ɗauke ni a tasha. Ga ni na jingina da ita, but a buɗe an ɗaure shi da igiyar roba, buhunan masara biyu sun leƙo, akwai katifa a sama, bayan motar ya zauna har salansa na neman taɓa ƙasa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Dattijon bai yi ba. Ya karɓi wayar, ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kai shi gefen fitilar baya. Ya yi shiru. Sannan ya nuna mini haruffa uku.

Wallahi na san da su. Kullum ina wanke su. Na ɗauka kwalliya ce, irin tambarin da ake saye a Ƙofar Ruwa a manna. Ya tambaye ni, mai bawul takwas ce ko sha shida? Na ce ban sani ba. Ya ce mai takwas doki 115 ce, mai sha shida 150. Ya ce injin yana nan? Na ce a'a, a shekara ta biyu ya buga, bakanikena ya sauke shi ya ɗora mini na 1.8, wai ya fi sauƙin mai. Ya ce ina tsohon? Na ce 'yan gwangwan sun auna. Ya ce kujerun fa? Na ce an cire na gaba an sa mai faɗi, don mutum biyu ke zama kusa da direba. Ya ce kilomita nawa ta yi? Na ce agogon tun a Kwatano ya tsaya. Ya ce littafin sabis? A nan kowace mota tana da littafinta, duk juyen mai sai gareji ya rubuta ya buga hatimi, kuma in za ka sayar shi ake fara tambaya. Na ce Baba, ko risit ban taɓa gani ba.

Mutumin nan bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Miƙo mini wayar ya yi da hannu biyu, a hankali, yadda ake miƙa wa mutum kayan mamaci.

Na kwana ina juya abin. Da fari haushi na ji. Shi da yake fito da tasa ranar Lahadi kawai, in rana ta fito, ya san abin da ake kira balas ɗin mai mota? Motar nan ta aurar da ƙannena biyu, ta kai mahaifiyata asibiti da tsakar dare, ta biya rabin kuɗin zuwana nan. Amma da haushin ya lafa sai na fara ƙirga abin da muka yi mata wanda ba talauci ne ya sa ba. Ranar da ta iso, kafin ta ɗauki fasinja ɗaya, aka cire mata abin daidaita zafin inji aka jefar, wai na ƙasar sanyi ne, aka haɗa fanka kai tsaye tana ta juyi tun daga tayarwa. Aka fasa tukunyar salansa aka kwashe indomin ciki aka sayar. Lagireto ruwan rijiya. Baƙin mai na galan, wanda ba a san asalinsa ba, kuma ba a juyewa sai ya koma kamar kwalta. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, maimakon a nemi dalili sai a cire ƙwan. Sannan in ta mutu mu ce Bature ya yi mana ha'inci.

A nan sabuwar mota tana cika shekara uku za a kai ta gwajin lafiya, wanda kowa ke kira TÜV, daga nan duk shekara biyu. Ɗaga ta ake yi, a shiga ƙarƙashinta da tocila, a gwada birki a kan na'ura, a auna hayaƙi. In ta faɗi ba a manna mata tambari a lamba, kuma ba maganar a san yadda za a yi. Mu kuwa takardar lafiyar mota har gida ake kawo maka, motar tana can kan duwatsu ba taya. Yawancin waɗanda muke rububi a kansu muna cewa 'yan Beljiyam, waɗanda gyaransu ya fi ƙarfin kuɗinsu ne a nan, shi ya sa aka loda su a jirgi. Ni da idona na ga ana jera su a Hamburg.

Kada dai ku ɗauka Aljanna ce. Ina da wata tsohuwar ƙaramar mota da nake zuwa aiki da ita. Kwanaki ta fara wani ƙara a ƙafar gaba, na kira wani gareji, matar ta ce sai nan da sati uku. Sati uku! Da ranar ta zo, ban ga ma bakaniken ba. Makulli na ajiye a kanta, aka ba ni kofi a kofin takarda, da yamma aka miƙo mini takarda mai shafi biyu, kuɗin aikin awa ɗaya ya fi Yuro ɗari, ban da kaya. Ba ciniki, ba a rage mini don Allah, ba zan cika gobe. Na tsaya a bakin titi cikin sanyi ina kewar Oga na ƙarƙashin dalbejiya, wanda tun kana shigo kwana zai ce ƙafarka ta dama ce, ya tura yaro da babur ya sayo, ku zauna kan benci ana gyara ana hirar siyasa, a kira la'asar ku yi tare, ka biya rabi ka tafi. Shi ne dai ya jefar mini da injin GTI, na sani. Amma bai taɓa barina na kwana a hanya ba, ko a Kwanar Ɗangora na kira shi zai zo.

Lasisin tuƙi ma haka. Nawa na gida wata shida ya yi aiki, daga nan sai da na sake jarrabawa, ta takarda da ta hanya. Ni da na yi shekara shida a titin Zariya, wata yarinya sa'ar ƙanwata ta kayar da ni a karon farko, wai ban waiwaya ta kafaɗa na duba masu keke ba. Abin da na kashe kafin in karɓa ya isa sayen Golf 3 a tasha, har da canji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allon nan. Sabuwar Golf har ChatGPT aka sa mata, kana magana tana ba ka amsa. Golf 8 ta farkon zubin ma sai da aka dakatar da miƙa ta ga masu saye na ɗan lokaci a 2020 saboda matsalar manhaja, a ƙasar da aka ƙera ta ke nan, Wolfsburg, garin masana'antar, tana nan kusa da mu, tafiyar rabin awa. To nan da shekara ashirin waɗannan ne za su sauka Kwatano. Ranar da allon ya mutu a Kano, esi ya tafi, rediyo ya tafi, rabin motar ya tafi. Guduma da sufana ba za su yi ba. Na faɗa wa ƙanena ya sa ɗansa koyon gyaran lantarkin mota da na'urar bincike, ya ce yaron so yake ya zama ɗan kirifto.

Su ma nan hankalinsu ba a kwance yake ba. A ƙarshen 2024 kamfanin ya sanar da cewa daga 2027 za a mai da ƙera wannan Golf ɗin zuwa Meziko, kuma za a rage ma'aikata dubu talatin da biyar kafin 2030. A yankin nan kusan kowane gida akwai mai cin abinci a masana'antar. Na tuna Kaduna da Fijo, na yi shiru.

Na ci gaba da zuwa filin, in ba ni da aikin Lahadi. Dattijon yanzu shi ke fara ɗago mini hannu. Ya roƙe ni in tura masa hoton, ya ce ya nuna wa matarsa. Ya kuma ce in bincika masa ko motar tana raye, in tana nan a ɗauko masa lambar jikinta, zai gano shekarar da aka ƙera ta da irin injin da ta fito da shi. Na kira ƙanena. Ya ce tana nan, hannu na uku ke nan bayana, tumatir take ɗaukowa daga Kadawa zuwa 'Yankaba, an yi mata fenti kore. Na ce lambar fa? Ya ce wurin ya ci tsatsa, mai walda ya yanke ya yi faci. Na ce to tambarin baya? Ya ce ya karye, saura G.

Lahadi uku ke nan dattijon yana tambayata, ina ce masa layin waya ne ba kyau.