Hattara da masu tallar GoPro ta jabu a Birnin Kebbi, Jega da Argungu

Assalamu alaikum jama'ar Kabi. Wannan saƙo na matasan da suka shiga harkar ɗaukar tafiya a kan mashin ne, masu maƙala kyamara a hular kwano ko a ƙirji su ɗauki hanya su ɗora a TikTok da YouTube, da kuma 'yan kabu-kabu da ke sha'awar farawa. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane, da ke tallar kyamara a Facebook da zaurukan WhatsApp na Birnin Kebbi, Jega da Argungu, suna rantsuwa GoPro ce ta asali, wato sananniyar ƙaramar kyamarar nan ta ɗaukar bidiyo ana cikin motsi. Jabu ce. Kada wanda ya tura musu ko kwabo.

Sana'ata tace bidiyo ce, galibi na biki da walima, amma 'yan kwanakin nan samari na yawan kawo mini memori in haɗa musu tafiyar da suka ɗauka, wani daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ta gefen fadamun shinkafa, wani daga Jega ta Koko har Yawuri. Ta nan na fara ganin ɓarnar, domin kuka iri ɗaya ake zuwa da shi, kuma in ka bi diddigi sai ka tarar wuri ɗaya aka sayo kayan. Ban kama suna ba saboda sunan shafin ma canzawa yake yi, yau da sunan shago, gobe da sunan wani Alhaji. Salonsu ne ba ya canzawa, shi ya kamata ku riƙe.

Da bidiyo suke fara kama mutum. Za a turo maka hoton tafiya mai kyau, tas da shi, ba girgiza, sararin sama shuɗi, har duwatsun bakin titi kana iya ƙirgawa, a ce maka aikin kyamarar ke nan. Bidiyon na gaske ne, kuma kyamara ta gaske ce ta ɗauke shi, sai dai ba wadda za a sayar maka ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka nuna mini, motocin cikinsa duk hannun hagu suke bi, alhali Nijeriya ta koma hannun dama tun 1972. Da aka fara tambayarsu dalilin haka sai suka koma kwasar bidiyon matafiyan cikin gida suna yanke sunan mai shi.

Sai farashi. GoPro HERO12 da ta fito a 2023 kusan dala 400 kamfanin ya sa mata, haka HERO13 ta 2024. Ko da naira 1,000 kacal ka lissafa dala, ka ga N400,000 ke nan kafin kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa. Su kuwa N70,000 suke faɗa, har da memori da maƙalai kyauta. In ka nuna mamaki akwai labari a shirye: wai gwanjon kwastan ne, ko kaya ne suka shigo ta Kamba ana son a rabu da su da wuri, ko kuma 'yar Landan ce an ɗan yi amfani da ita. Daga nan sai "Oga saura biyu, ka sa kafin alƙalami in ajiye maka". Asusun da za a ba ka sunansa daban da na mai maganar, a ce na ƙaninsa ne. Wasu daga nan labari ya ƙare, an toshe lambarsu. Wasu kuma a sa musu kwali a mota su karɓa a tasha bayan sun cika kuɗi, kuma waɗannan su ne ke zuwa wurina.

A ɗan ƙaramin allon kyamarar komai lafiya yake, shi ya sa mutum ba ya farga a ranar farko. Sai an ɗora a kwamfuta asiri ke tonuwa. Fayil ɗin zai nuna maka 3840 da 2160, wato 4K, amma fuskar mutumin da ke taku goma gabanka ba ta ganuwa, lambar motar da kake bi kuwa sai dai ka yi hasashe. Abin da ke faruwa shi ne idon kyamarar ƙarami ne, abin da yake iya kamawa bai wuce na 1080 ba, wani lokaci ma ƙasa da haka, sai na'urar ciki ta ja hoton ta buɗe shi ya cika ma'aunin 4K. Hoton 1080 ɗigo miliyan 2 ne da 'yan kai, na 4K ya haura miliyan 8, to ragowar miliyan 6 ɗin nan duk ciko ne. Kamar a tsinka fura da ruwa ne, kwanon ya cika amma geron bai ƙaru ba. Girman fayil ma yana ba da shaida. GoPro in an sa ta a babban inganci tana iya rubuta megabit 100 a daƙiƙa, wato wajen megabait 750 a minti ɗaya. Ta waɗannan mutane, ɗaukar minti goma ba ta kai nauyin minti biyu na ta gaske ba.

Abin da ya fi ɓata wa masu mashin rai shi ne girgiza. Boxer da Jincheng da Haojue da muke hawa duk injinsu mai silinda ɗaya ne, karkarwarsa tana bin ƙarfe har kan mashin, ga kuma halin hanyoyinmu. Irin waɗannan kyamarori ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi suke karantawa daga sama zuwa ƙasa, don haka in ana jijjiga su sai ka ga turakun wuta suna lanƙwasa, titi yana rawa. Kamfanonin gaske sun kashe kuɗi a kan wannan matsala. GoPro ta fito da fasahar rage girgiza mai suna HyperSmooth a HERO7 Black a 2018, kamfanin DJI yana da tasa mai suna RockSteady, kuma dukkansu sun dogara ne da wata 'yar na'ura a ciki mai auna kowane motsi na kyamarar. Ta jabun an rubuta mata "anti-shake" a kwali, a ciki kuwa babu komai. Wani yaro ya ce da ni, "Yaya, ai ku masu editin kuna gyarawa." Ƙanena, ba a gyarawa. Manhajojin tace bidiyo irin su CapCut da DaVinci Resolve suna iya rage tangaɗi ta hanyar yanke gefen hoto, amma hoton da ya riga ya lanƙwashe ya kuma dushe ba mai dawo da shi. Ko Gyroflow, manhajar kyauta da matafiya ke ji da ita, sai ta samu bayanan motsin da kyamara ta adana take aiki yadda ya kamata, ita kuwa wannan ba ta adana komai.

Memorin da suke bayarwa "kyauta" shi ne mugun abu, kuma shi na fi so a fahimta, domin har waɗanda suka sayi kyamara mai kyau a wani wuri sun faɗa hannunsu ta nan. A jikinsa an buga 256GB ko 512GB da tambarin sanannen kamfani. In ka sa a waya ko kwamfuta, ita ma adadin za ta nuna maka, saboda an sauya bayanin da ke cikin katin ya riƙa faɗin ƙarya. Ainihin cikinsa ƙarami ne sosai, sau da yawa 8GB ko 16GB. Muddin ba ka cika wannan ɗan wurin ba, komai zai yi aiki daidai, ka gwada a gida ka ji daɗi. Ranar da ka yi doguwar tafiya ka wuce iyakarsa, kyamara za ta ci gaba da nuna tana ɗauka, amma sabon ko dai yana bin kan tsohon yana shafewa, ko yana tafiya a banza. Ka dawo gida ka ga sunayen fayil a jere, da girmansu da lokacinsu, ka danna su ƙi buɗewa. Wani bawan Allah ya ɗauki rakiyar amaryar yayansa tun daga Birnin Kebbi har Yawuri, ya zo da murna a haɗa masa. 'Yan guntayen farko kaɗai suka buɗe. Ya tambaye ni ko akwai manhajar dawo da abin da ya goge. Akwai, amma tana dawo da abin da aka taɓa rubutawa ne, nasa kuwa tun farko bai sauka a ko'ina ba.

Gwajin memori ba wuya. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw, tana cika katin fal sannan ta karanta ta faɗa maka nawa ne na gaske. Tana cin lokaci, amma duk shagon kwamfuta zai iya yi maka. A kuma duba alamar V30 a jikin kati, ma'anarta ba zai gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba, kodayake ita ma alamar masu jabu suna bugawa, don haka gwajin ne abin dogaro.

Ita kyamarar, ga abin da za ka duba tun tana hannunka kafin kuɗi su bar naka. Daga HERO5 ta 2016 har zuwa HERO13, GoPro na shiga ruwa har mita 10 ba tare da an sa ta a akwatin kariya ba, kuma bakin cajinta USB-C ne. In aka miƙo maka wata a cikin farin akwatin roba mai ƙugiya, da rimot na ɗaurawa a hannu da tsohon bakin caji irin na ƙananan wayoyi, aka ce HERO12 ce, ka mayar. Daga HERO9 zuwa HERO13 akwai allo mai launi a gaba. Cire batir ka leƙa ciki, lambar kyamarar tana nan, da C3 take farawa. Sannan ka sauke manhajar kamfanin mai suna Quik a wayarka ka haɗa su. Ta gaske za ta haɗu ta nuna sunanta, ta jabu kuwa za a ce ka sauke wata manhaja daban. Bayan duk wannan, ka maƙala ta a mashin ɗinka, da memorinka, ka zagaya gari, ka je a buɗe a babban allo. Mai kayan gaske ba zai ƙi ba. Wanda ya ce sauri yake yi, ko sai bayan magariba za ku haɗu, ya ba ka amsa.

Kada a ɗauka ina kushe kyamara mai araha. Akwai kamfanoni irin su Akaso da SJCAM da ke sayar da nasu da sunansu, kowa ya san iya ƙarfinta, kuma wanda ke koyo zai iya farawa da ita. Laifin shi ne a lulluɓe abin banza da sunan wani a karɓi kuɗin mutane. Maƙalan da ke cikin kwalin ma haka suke: gam ɗin ba ya jure ranar Afrilu a Kabi, sai a ga kyamara ta fita a guje a tsakiyar titi. Ko ta gaske ce, a goge hular, a manna, a bari ya kwana guda, a kuma ɗaure da igiya. Masu cewa bari su ɗaura waya a kan mashin su huta, su sani Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa karkarwar injin babur na iya lalata kyamarar iPhone. Wani abu kuma da bai shafi damfara ba amma ya shafi lafiyarku: in kun doso shingen jami'an tsaro ku kashe kyamara, halin da ake ciki ba na wasa ba ne.

Ba su tsaya a sayar da kaya ba. Wanda ya saya sai a jefa shi wani zaure wai na koyar da tace bidiyo da "cin dala", a ce ya biya kuɗin rajista, daga baya a ce ya kawo imel da kalmar sirrinsa a buɗe masa hanyar samun kuɗi a YouTube. Sharaɗin YouTube na raba kuɗin talla a fili yake: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Neman shiga kyauta ne, kuma mai tashar ke nema da kansa. Duk wanda ya karɓi kalmar sirrinka ya karɓi tasharka. Haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa, in ka karanta wa wani, da sunanka za a damfari 'yan uwanka. Manhajar da suke turowa wai CapCut ce da aka buɗe wa komai, kada a sa ta a wayar da ake harkar banki da ita.

Wanda abin ya riga ya shafa, ya ɗauki hoton duk hirarsu da tallar da lambar asusun kafin a goge, ya adana rasit, ya je bankinsa da gaggawa ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda. EFCC na da ofishin shiyya a Sakkwato da ke kula da Kebbi da Zamfara, kuma in kun haɗu ku da yawa kuka kai ƙara tare ta fi nauyi. Don Allah kada a ɗauki hoton da ke kan shafinsu a yaɗa da sunan ɓarawo, domin yawanci na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kwalin da kyamarar da memorin a ajiye su yadda suke, kada a goge katin, za a nemi ganinsu.