Mai fulawar da nake saye a wajensa, da abin da ya samu magena

Jama'a tunda ana ta tambayata inda na samo shukokin barandata bari in faɗa. Wani dattijo ne cikin masu jera tukwane a bakin titi a nan Kaduna, ba zan kama suna ko layi ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganar.

Ta ɓangaren kaya kam ba ni da ta cewa. Ƙasarsa haɗi ce mai kyau, yashi da taki da ya riga ya ruɓe, ba irin wadda za ki kai gida kwana uku ganye ya fara rawaya ba. Yana ragi in kin iya ciniki, kuma shi ya koya min in dinga cusa yatsa cikin ƙasa kafin in ba da ruwa, da can kullum sai na tuttula musu ruwa safe da yamma har saiwa ta ruɓe ni kuma ina ta zargin rana.

Matsalar ita ce ba ko tukunya ɗaya da aka rubuta wa suna. Ranar farko na ce masa Baba ina da mage a ɗaki, maigida kuma yana da karen gadi a tsakar gida, akwai wadda za ta cutar da su? Ya yi dariya ya ce haba Hajiya, ai dabba ta san abin da zai kashe ta, ba ta ci. Ni kuma na yarda, na ɗauko wata mai faɗin ganye da ɗigon fari a tsakiya na ajiye a falo kusa da talabijin.

Sati bai cika ba na fito daga kicin na tarar da magen tana ta dalalar da yawu tana kai ƙafar gaba baki kamar ƙashin kifi ya maƙale mata, ga ganye ɗaya an yage shi da shaidar haƙora. Wallahi hankalina ya tashi. Na tsinko ganyen muka tafi wajen likitan dabbobi, yana gani ya ce dieffenbachia ce, akwai wasu ƙananan abubuwa masu tsini kamar allura a cikin ruwanta, su ke soke baki da harshe har wurin ya kumbura. Aka wanke mata baki, kwana biyu tana ƙin abinci sannan ta warware. Ya ce in gode Allah ba lily ba ce, wannan furen da ake sawa a kwalliyar biki, don ita ko garin furen mage ta lasa a jikinta ko ta sha ruwan da aka jiƙa shi, ƙoda na iya tsayawa cikin kwana 2 zuwa 3.

Sai na koma na bi sauran ɗaya bayan ɗaya da Google Lens, manhajar waya mai gane abu daga hoto, in na samu suna in duba a jerin ASPCA, ƙungiyar kula da dabbobi ta Amurka. Ashe aloe vera ɗin da nake shafawa a gashi tana sa mage da kare amai da gudawa, haka snake plant. Wadda ta fi ba ni tsoro kariya ce, mai jan furen nan da kaurin gindi da yanzu ake kira desert rose ana tsawwala mata kuɗi, dafinta zuciya yake taɓawa, kuma a daidai inda karen yake kwanciya na dasa ta, shi ko ba abin da ba ya tauna har tiyon ban ruwa.

Inda Baba ya burge ni shi ne da na mayar masa ko musu bai yi ba, ya ce subhanallahi ya jikin magen, ya canza min da spider plant biyu da areca palm da Boston fern, duk waɗannan ba su da illa gare su, ciko kaɗan na yi. Aloe ɗin dai na kai wa ƙanwata da ba ta kiwon komai.

Kada ki ce za ki ɗora tukunya a kan kanta ki huta, mage har saman firij take hawa, sai dai ki rataye a inda ba abin takawa kusa. Na shuka mata alkama a tsohuwar roba, kwana bakwai ta yi tsiro, yanzu ita take tauna ta ɗan rage damun sauran. Na kuma jera duwatsu a saman ƙasar manyan tukwanen saboda ta fara mayar da su bayan gida.

Tauraro uku da rabi zan ba shi cikin biyar. Asabar ma zan koma sayen tukunyar ƙasa, amma duk shukar da ta burge ni sai na ɗauki hotonta na duba a waya kafin a saka min a but.