Na yi PGDE a NTI ina kan koyarwa, ga yadda na same shi

Shekara shida na yi ina koyar da kemistiri a wata sakandare mai zaman kanta a Kano ba tare da takardar malanta ba. Da na gama bautar ƙasa aikin da ya samu ke nan, na karɓa da niyyar in ɗan riƙe kafin wani ya fito. Wani bai fito ba, ni kuma aji ya shiga raina. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne labarin Kaduna na 2017, lokacin da malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. A shekarar ce kuma hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ta fara jarrabawar tantancewa. Doka ta kafa hukumar tun 1993, kuma a wurinta digirin kemistiri shi kaɗai bai mai da mutum malami ba. Sai da NCE, ko digirin ilimi, ko difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE.

Barin aiki in koma jami'a ba zai yiwu ba, ina da iyali. Shi ya sa na nufi Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna kan hanyar Zariya. An kafa ta a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika makarantu alhali ƙwararrun malamai ba su isa ba. Tun asali don malamin da ke bakin aiki aka yi ta, kuma haka tsarinta yake har yau: a ba ka littattafan darussa ka karanta a gida, ƙarshen mako ka je cibiyar karatu mafi kusa da kai ku haɗu da malamai, ka yi aikin gida, ka rubuta jarrabawa, ka yi koyarwar gwaji, ka rubuta kundin bincike. Kuɗin makaranta da adashin da muke yi a ofishin malamai na biya.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne kusancin Asabar da Litinin. Duk abin da aka koya mini ranar Asabar, ina da yara sama da arba'in da zan gwada shi a kansu bayan kwana biyu. Wanda ya yi karatun ilimi kai tsaye daga sakandare sai ya jira shekaru kafin ya ga amfanin abin da ya haddace. Ni kuwa matsalolin suna hannuna tun kafin in ji sunayensu.

Ga misali. Kowace shekara darasin mol, ma'aunin yawan ƙwayoyin zarra a kemistiri, yana kayar da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. In rubuta lambar Avogadro, wato adadin ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, a allo, 6.02 sau 10 mai ƙarfin 23, in ba da ƙa'ida, in yi lissafi uku, su kwafa, a jarrabawa su zube. Na daɗe ina ɗora laifin a kan raunin lissafinsu. A darasin halayyar ɗalibi muka karanta Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, da yadda yaro ke kama abin da yake gani yake taɓawa kafin ya iya riƙe abin da ke cikin tunani kawai. Ranar Litinin na shiga aji da mudun gero da tiren ƙwai. Na tambaye su ƙwai nawa ne a dozin, suka ce 12. Na ce to wa zai ƙirga mini ƙwayar geron da ke mudun nan? Wata yarinya daga baya ta ce ai gero ba a ƙirga shi, aunawa ake yi. Daga bakinta darasin ya fito. Ƙwayoyin zarra ma sun yi ƙanƙanta da yawan da ba za su ƙirgu ba, sai a auna nauyinsu a san adadinsu, kuma mol shi ne mudun masu kemistiri. A zangon nan ne karo na farko da fiye da rabin ajin suka ci tambayar.

Darasin awo da tantancewa ma ya gyara mini hannu. Da muka yi matakan koyo da masani Bloom ya tsara, daga tuna abu zuwa fahimtarsa, zuwa aiki da shi, har zuwa warware shi, sai na ɗauko tsofaffin takardun jarrabawar da na shirya. Kusan duk tambayoyina na hadda ne: kawo ma'ana, lissafo, ambata. Yanzu kafin in rubuta tambaya ɗaya sai na zana jadawalin da ke nuna kowane babi maki nawa zai samu, kuma a wane mataki.

Tarihin ilimi na ɗauka zai gundure ni, sai ga shi ya kawo ni gida. Hans Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar Nasarawa ta Kano a 1909, gidansa nake wucewa a hanyata ta zuwa aiki. Kwalejin Katsina kuwa don horar da malamai aka kafa ta, kuma Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk da alli suka fara.

Wahala akwai ta. Kwana bakwai ne cur a mako babu ranar hutu: Litinin zuwa Juma'a aji, dare gyaran takardun yara da rubuta tsarin darasi, bayan sallar asuba karatun kaina. Bukukuwa da zumunci da yawa sun wuce ni, sai da na bi dangi ina ba da haƙuri. Mai makarantarmu kuma bai sauƙaƙa mini ba. Da jarrabawar WAEC ta matso ya sa darasin Asabar ga 'yan ajin ƙarshe, na nemi a mayar mini da nawa yammacin Alhamis ya ƙi, aka yanke mini albashi sau biyu. Abin ya yi mini ciwo, domin yaransa ne suka fara cin moriyar karatun.

Tsarin kansa na mai iya zama da littafi ne. Haɗuwar ƙarshen mako ba ta isa a bi kowane babi ba, don warware abin da ya shige maka duhu ne. Wanda ya zo bai karanta ba haka zai koma. Mu biyar muka buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya ɗauki babi ya yi bayaninsa da Hausa a saƙon murya, kuma wannan ya cece ni a falsafar ilimi da dabarun bincike.

A ajina na yi koyarwar gwaji. Dattijon da ya zo duba ni ya zauna a bencin baya minti 40 yana rubutu. Da muka fito ya yaba mini sanin darasi, sannan ya nuna mini cewa duk tambayoyina yara shida na layin gaba na jefa wa, kuma ba na jira ko daƙiƙa uku kafin in amsa da kaina. A shekara shida babu wanda ya taɓa zama ya kalli yadda nake koyarwa, balle ya gaya mini haka.

Na gama, na zauna jarrabawar TRCN a kwamfuta, na karɓi shaidar rajista. Abokan aikina biyu sun sayi fom bana, ɗaya mai digirin lissafi, ɗaya mai HND. Na ce musu su zaɓi cibiyar da ba ta wuce mota ɗaya daga gida ba, kuma kafin su biya ko sisi su zauna da shugaban makaranta a rubuta a takarda cewa Asabar tasu ce.