Sharhi a kan sauraron labarin Paksenarrion

Littattafai uku na marubuciyar Amurka Elizabeth Moon, waɗanda aka haɗa da sunan The Deed of Paksenarrion, sun fito a 1988 da 1989, kuma ana samunsu a Audible, dandalin sauraron littattafai, da Turanci, cikin muryar Jennifer Van Dyck. Labarin Paksenarrion ne, wadda ake kira Paks, 'yar wani makiyayin tumaki da ta guje wa auren dole ta shiga rundunar sojojin haya ta Duke Phelan, har daga bisani ta zama faladin, wato mayaƙiyar da alloli suka zaɓa domin kare masu rauni.

Mai gaggawa zai ƙosa da littafi na farko, domin yana cike da atisaye da doguwar tafiya cikin taɓo, da haƙa ramuka da gadin dare. Amma Moon ta yi aiki a rundunar sojan ruwa ta Marin a Amurka, kuma sanin da ta yi wa rayuwar ƙaramin soja yana fitowa fili. A ganina nan ne sauraro ya fi karatu, saboda Van Dyck tana karantawa a natse, ba ta kumbura murya a fagen fama, ta yadda mutum zai saba da Paks kamar wadda suke kwana a sansani ɗaya.

Ribar wannan haƙuri tana zuwa a ƙarshen littafi na biyu, inda Paks ta rasa jarumtarta bayan miyagu sun azabtar da ita, ta koma yawo cikin yunwa da sanyi, ko takobi ba ta iya ɗagawa don tsoro. Mai karantawar ta sassauta murya a wannan wuri, ba ta ƙara masa gishiri ba, kuma ya taɓa mini zuciya ƙwarai, fiye da dukan yaƙe-yaƙen da suka gabata.

Inda sauraron ke da wahala shi ne sunayen masarautu da yankuna, irin su Tsaia da Lyonya da Aarenis, waɗanda ke rikicewa a kunne idan babu taswira a gaba. Haka kuma azabar da Paks ta sha a hannun limaman mugun abin bauta Liart a littafi na uku an bayyana ta dalla-dalla, don haka bai kamata a kunna wannan sashe a gaban yara ba.